Ubangida ko Mai Horarwa: Wa Zai Raka Babba Idan Ya Sauka?

A aikin gwamnatin tarayyar Najeriya, ma'aikaci yana ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Darakta kuwa ba ya wuce shekara 8 a kujerarsa, tsarin da aka shigo da shi a 2009 zamanin Shugaba 'Yar'aduwa. Don haka mutum kan sauka da sauran ƙarfinsa, direba ya tafi, waya ta yi shiru, ya rasa wanda zai tambaya ina aka dosa.

Wanda muka saba da shi ubangida ne. Shi ya ja ka a jiki tun kana ƙaramin jami'i, ya san iyalinka, kuma da waya ɗaya zai sa sunanka ya shiga hukumar gudanarwar wani kamfani ko wata jami'a. Mai horarwa ba shi da wannan ƙarfin. Sai dai ubangida da ma'aunin zamaninsa yake auna maka, kuma yana da nasa muradin: ya fi so ka tsaya inda za ka amfane shi. Idan ya tura ka siyasa, kunya ba za ta bari ka ce, "Ranka ya daɗe, siyasar nan ba na so" ba. Haka mutum zai zuba kuɗin sallamarsa a takarar da ba shi ya zaɓa ba.

Horar da shugabanni ɗaya bayan ɗaya sana'a ce da ta bunƙasa a Amurka da Ingila. Babbar ƙungiyar masu wannan sana'a, ICF, a 1995 aka kafa ta. Mai horarwa biyansa ake yi na wasu watanni, kuma ba ya cewa yi kaza. Tambaya yake yi, irin tsarin da John Whitmore ya yaɗa a littafinsa na 1992: ina kake son kaiwa, ina kake yanzu, waɗanne hanyoyi ke gabanka, wacce za ka bi. Abin da ya fi burge ni shi ne zagayen da yakan yi wurin waɗanda suka yi aiki da kai, ya ji ta bakinsu, ya kawo maka ba tare da suna ba. Mutumin da ya shekara ashirin ba ya jin komai sai "haka ne, yallaɓai" a nan zai fara jin cewa ba ya saurare, ko kuma tsoronsa ake ji, ba girmamawa ba. Ubangida ba zai samo wannan labarin ba, don shi ma ɓoye masa ake yi.

Sai dai horarwar akwai tsada, kuma doka ba ta hana kowa kiran kansa mai horarwa ba, dole a bincika. Wanda bai san nauyin dangi a kan mai ritaya ba zai tsara maka abin da ba zai yiwu a gidanka ba.

Duk da haka, da ni za a tambaya, shekara biyu kafin sauka mai horarwa zan ce a fara nema. Idan mutum ya san abin da yake so, sai ya je gaida ubangida ya faɗi ƙofar da yake roƙon a buɗe masa.