Albarushi a ƙarƙashin gado: Haɗarin da ke kwana da iyalan maharba a ƙasar Karaye

Da zarar an gama girbi, ciyawa ta bushe, hunturu ya kankama, maharba a Tudun Kaya da sauran garuruwan Karaye da Rogo sukan fara shirin shiga daji. Ana sauke bindigar toka daga inda aka rataye ta, a goge tsatsa, a kai wa maƙeri idan kunamarta ta yi tauri. Daga nan sai a fara tanadin albarushi da dalma.

A gidaje da dama duk wannan shiri a ɗaki guda ake yin sa, kuma sau da yawa shi ne ɗakin kwana. Albarushin yana cikin gora ko tsohon gwangwani a ƙarƙashin gado, dalmar tana ƙulle a tsumma, ga kaskon wuta na jin ɗumi a gefe, ga yara suna shiga suna fita.

An sha yin magana a kan bindigar maharbi idan ya fita da ita kan hanya. Ba kasafai ake tattauna inda yake ajiye abin da yake ɗura mata ba, alhali a nan ne matarsa da 'ya'yansa suke kwana.

Sana'a mai tsohon tarihi

Tudun Kaya mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Karaye, a yammacin Jihar Kano. Karaye da Rogo su ne suka haɗu suka zama masarautar Karaye mai daraja ta biyu da gwamnatin jihar ta kafa a shekarar 2024, inda aka naɗa Alhaji Muhammad Maharaz Karaye a matsayin sarki. Yanki ne na noma da kiwo, ga kamun kifi a madatsar ruwan Challawa da aka kammala a 1992. Ta ɓangaren Rogo kuma ƙasar ta yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna.

A irin wannan wuri bindigar toka tana da ayyuka da yawa. Da ita ake farauta da rani, da ita ake korar birai da sauran dabbobin da ke ɓarna a gona, ita 'yan sintiri ke riƙewa da dare, kuma ita ake bugawa a hawan sallah da naɗin sarauta.

Bindigar da ake kira harba-ka-ruga ta shigo Afirka ta Yamma ne ta bakin teku, ta hannun Turawa 'yan kasuwa. Sunan da ake kiran ta da shi a Turanci ma ya samo asali ne daga 'yan ƙasar Denmak, waɗanda suke da sansanin ciniki a gaɓar Akara da ke Ghana ta yau. Daga baya maƙeran gida suka koyi gyara ta da ƙera ta. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19, Sarkin Damagaram Tanimu ya shahara da tara bindigogi, har ana ƙera igwa da albarushi a birnin Zinder.

Wancan albarushi na sarki ne, yana da ma'ajiya da masu tsaron sa. Na maharbin ƙauye kuwa tare da shi yake kwana.

Abin da ya sa ƙaramin ɗaki ya fi haɗari

Baƙin albarushin da ake ɗura wa bindigar toka ba ya buƙatar harshen wuta kafin ya tashi. Tartsatsi ɗaya ya ishe shi, ko daga taba sigari, ko gawayin kasko, ko maganin sauro mai hayaƙi, ko turaren wuta, ko waya da ta haɗu a bango. Ƙarfe biyu ma idan suka gogu da ƙarfi suna iya fitar da tartsatsin. A lokacin hunturu iska ta bushe, tufafi da bargo sukan yi ɗan ƙyas idan an taɓa su, kuma wannan ne daidai lokacin da maharba suka fi tara albarushi a gida.

Idan ya kama a fili, zai yi fuu ya ƙone ya bar hayaƙi. Idan kuwa yana cikin gwangwanin ƙarfe da aka toshe da kyau, hayaƙin ba shi da mafita, sai gwangwanin ya tarwatse, gutsattsarinsa su yanki duk wanda ke kusa. A ɗaki mai taga ɗaya da ƙofa ɗaya, ga katifa da labule da kayan sawa, gobarar takan riga mutane isa bakin ƙofa.

Damina ma tana da nata. Albarushi yana shan danshi, idan ya jiƙe kuma ba ya tashi yadda ake so. Wannan ne ke sa wasu su shanya shi kusa da murhu ko su ɗora shi a kan wani abu mai zafi don ya bushe da wuri. Babu gangancin da ya kai wannan.

Sai kuma masu ɓare harsashin zamani su juye garin da ke ciki a bindigar toka, da tunanin za ta fi ƙarfi. Garin harsashin zamani wani abu ne daban, ƙarfin da yake haifarwa ya wuce abin da bututun maƙera zai iya ɗauka. Bututun kan fashe a hannun mai harbi, ya tafi da yatsu ko ido.

Gubar da ba ta ƙara

Haɗari na biyu ba ya zuwa da ƙara ko hayaƙi mai yawa. Dalmar da ake narkawa don yin ƙwayoyin harbi guba ce, kuma wasu daga tsofaffin batiran mota suke ciro ta. Idan aka narka ta a cikin ɗaki ko a tsakar gida, tururinta da ƙurarta suna sauka a tabarma, a ƙasa, a kwanon abinci. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, shi ke nan ta shiga jininsa.

Arewa ta riga ta ga abin da dalma ke yi wa yara. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara aƙalla 400 suka mutu bayan an riƙa niƙa duwatsun zinare masu ɗauke da dalma a cikin gidaje. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana jinyar waɗanda suka tsira a ƙauyuka irin su Bagega. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa.

Dalmar da maharbi ke narkawa ba ta kai ta masu haƙar zinare yawa ba, amma hanyar da take bi ta shiga jikin yaro iri ɗaya ce. Illarta kan bayyana a hankali: ƙarancin jini, ciwon ciki, jinkirin magana, rashin gane karatu. Iyaye da yawa ba za su taɓa danganta waɗannan da tukunyar da ake narka dalma a bayan ɗaki ba.

Yadda wasu ƙasashe suka tsara abin

A Amurka, sake cika kwanson harsashi a gida abin sha'awa ne ga mafarauta da masu gasar harbi. Sukan keɓe tebur a gareji ko wani lungu na gida don wannan aiki kawai. Duk da sauƙin mallakar bindiga a can, ƙa'idojin kashe gobara sun iyakance garin harsashin zamani da za a ajiye a gida a cikin mazubinsa na kamfani zuwa fam 20, wato kusan kilo 9. Idan ya haura haka, har zuwa fam 50, sai a cikin akwatin katako mai kaurin inci ɗaya.

A Birtaniya, mai son ajiye baƙin albarushi sai ya karɓi takardar shaida daga 'yan sanda, kuma a akwatin katako mai rabe-rabe a ciki ake ajiye shi.

Dalilin zaɓen katako a maimakon ƙarfe shi ne katako yana jinkirta isar zafi ga abin da ke ciki, idan kuma ya kama, akwatin yakan buɗe ne hayaƙin ya fita. Kafintan ƙauye zai iya haɗa irin wannan akwati, kuma kuɗinsa bai kai na jinyar ƙuna ba.

Me dokar Najeriya ta ce?

Wanda ya ga bidiyon irin waɗancan tebura na Amurka a YouTube ko TikTok ya sani cewa a nan abin ba haka yake ba. Dokar Bindigogi ta 1959 ta haramta ƙera ko haɗa bindiga ko harsashi a wajen ma'ajiyar makamai ta gwamnati, sai ga wanda aka ba izini na musamman. Ta kuma hana mallakar harsashi ba tare da lasisi ba.

Dokar ta kasa bindigogi gida uku. Akwai na yaƙi, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na ƙashin kai irin su bindiga mai baki biyu, waɗanda Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba da lasisinsu. Sai waɗanda ake ɗurawa ta baki, wato bindigar toka da danginta, da ke ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.

A watan Agustan 2023, muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da lasisin bindiga. A 2021 kuma gwamnatin tarayya ta kafa Cibiyar Daƙile Yaɗuwar Ƙananan Makamai a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, wadda ta samu dokarta a 2024.

Sakamakon haka, maharbin da ya gaji bindiga daga kakansa yana tsaka mai wuya. Garinsu ya san shi, mai unguwa ya san shi, wataƙila ma shi ake tasa da dare idan ɓarayin shanu sun shigo. Amma idan ba shi da takarda, tsoron kamu zai sa ya ɓoye kayansa, kuma babu maɓoyar da ta fi ƙarƙashin gado kusa.

Abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a ƙarshen watan Maris na 2025 ya nuna tsadar wannan rashin tsari. An tare mafarauta da suka taso daga Fatakwal za su dawo Kano yin sallah, aka ga bindigogin toka a motarsu, aka kira su masu garkuwa da mutane, aka kashe 16. Da yawansu 'yan Torankawa ne a ƙaramar hukumar Bunkure. Bayan kisan an yi ta kiran a yi wa mafarauta rajista da katin shaida. Maganar ma'ajiyar albarushi ba ta samu shiga ba.

Gyaran da ba ya jiran Abuja

Akwai abubuwan da maharbi zai iya yi tun yau. Ya fitar da albarushi daga ɗakin kwana da wurin girki, ya kai shi wani ɗaki na daban ko rumbun da babu kowa, mai kulle, nesa da fetur da kananzir. Ya ajiye kaɗan, gwargwadon fita ɗaya ko biyu. Ya raba shi da hular tayar da wuta da ashana. Kada ya taɓa shi da dare a gaban fitilar kananzir ko kyandir. Tocila ta wadatar. Kada a shiga gida da bindiga a ɗure.

Dalma kuwa kada a narka ta inda yara ke wasa ko inda ake girki, kada kuma tukunyarta ta koma madafa. A wanke hannu da sabulu, a canza riga kafin a ɗauki yaro. Mace mai ciki ta nisanci wurin gaba ɗaya.

Sauran aikin na shugabanni ne. Maharba suna da Sarkin Baka, suna da ƙungiyoyi, kuma suna jin maganar dagaci da hakimi. Masarautar Karaye ƙananan hukumomi biyu ce kacal, don haka ɗaukar sunayen maharba mazaɓa bayan mazaɓa abu ne mai yiwuwa, tare da ofishin 'yan sanda na yanki. Idan aka yi rajistar, za a iya keɓe ɗaki ɗaya a bayan gari a matsayin ma'ajiyar ƙungiya, mabuɗi a hannun Sarkin Baka, kowa ya karɓi nasa ranar fita. Hukumar kashe gobara ta Jihar Kano, wadda ke gargaɗi kan gobarar hunturu duk shekara, za ta iya sa maharba cikin waɗanda take wayar wa kai.

Maharbi ya san dokar daji: ba a nuna wa ɗan'uwa bakin bindiga, ba a harbi sai an ga abin da za a harba. Abin da ya rage shi ne a kawo irin wannan doka cikin gida, kafin hunturu mai zuwa ya sa a sake hura kasko a ɗakin da gorar albarushi take.