Daskararriyar Kaza da Sharuɗɗan Ajiyarta

Jama'a da yawa sun ɗauka cewa da zarar kaza ta shiga firiza ta daskare, to ta kuɓuta daga lalacewa har abada, alhali kuwa masana sun tabbatar cewa sanyi ba ya ƙarar da ƙwayoyin cutar da ke jikin ɗanyen naman kaji, irin su Salmonela, iyakarsa ya ɗaure su ya hana su hayayyafa har ranar da ɗumi ya sake riskarsu. Mizanin da aka yi ittifaƙi a kansa shi ne digiri 18 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, kuma a irin wannan sanyi, bisa ƙa'idar Ma'aikatar Noma ta Amurka, kaza sukutum kan riƙe daɗinta wata 12, yankakkiya wata 9, hanta da ƙundu kuwa wata 3 zuwa 4.

Hikimar daskarar da nama da gaggawa wani Ba'amurke ne, Clarence Birdseye, ya fahimce ta a Labrador, arewa maso gabashin Kanada ta yau, inda ya ga kifin da mutanen wurin suka kama yana sandarewa nan take cikin tsananin sanyi, in an narkar da shi kuma sai ka ce yanzu aka fito da shi daga ruwa. Dalili kuwa shi ne, idan nama ya daskare sannu a hankali, ƙanƙarar da ke tsirowa cikinsa manya-manya ce, takan yayyaga tsoka, ruwan naman ya tsiyaye ranar narkarwa. Saboda haka ya kamata uwargida ta kasa kazar gwargwadon girki ɗaya-ɗaya don ta daskare da sauri, ta matse iska daga leda kafin ta ɗaure, domin iska ce ke busar da fata ta bar mata fari-farin tabo, sannan ta rubuta kwanan wata.

Amma babbar mas'ala a ƙasashenmu ita ce wutar lantarki. Firiza cikakkiya, muddin ba a buɗe ta ba, takan riƙe sanyinta kimanin awa 48 bayan ɗauke wuta, wadda ke rabi kuwa awa 24, shi ya sa masu dabara ke cike gurbin da ya rage da robobin ruwa. In wuta ta dawo aka tarar da sauran ƙanƙara a jikin naman, babu laifi a bar shi ya sake daskarewa, ko da yake armashinsa zai ragu. In kuwa ya saki ya yi ɗumi fiye da awa 2, zubarwa ta wajaba, kuma kada a kafa hujja da cewa bai yi wari ba, domin ƙwayoyin da ke kwantar da mutum ba su cika sauya ƙamshi ba. Haka nan a wajen saye, jan ruwa da ya daskare a gindin leda alama ce ta kazar da ta narke aka mayar. Wannan aibi ya fi yawa ga kajin fasa-ƙwauri da ake shigowa da su Najeriya ta iyakar Jamhuriyar Benin duk da haramcin gwamnati, waɗanda, ban da doguwar tafiya cikin rana, akwai shubuha game da yankansu.

Narkarwa ma tana da ladubbanta. Mafi aminci a sauko da kazar cikin kwano zuwa ƙasan firij ta kwana, yadda ruwanta ba zai ɗiga kan wani abinci ba; in ana sauri, a nutsa ta cikin ruwan sanyi a ɗaure cikin leda, ana sauya ruwan kowane minti 30, a dafa ta nan take. Shanya ta a rana ko barinta a madafa tun safe kuskure ne, domin bayanta zai yi ɗumi cikinta na daskare. A dafa ta har zafin tsakiyar tsoka ya kai digiri 74, musamman cinya kusa da ƙashi, a kuma wanke wuƙa da katako da hannu da sabulu kafin a taɓa kayan lambu.