Ana Iya Mai Da Mota Mai Ja Ta Gaba Ta Koma Mai Turi Ta Baya?

A hutun da ya wuce, da na koma garinmu Mazanya ta ƙasar Jibiya, sai mahaifina ya ce ba zan zauna haka nan ba, in riƙa zuwa garejin kawuna ina miƙa masa sifana. A can na ga abin da nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Wata rana wani direba ya zo da motarsa Golf, ransa a ɓace. Ya ce, "Maigida, motar nan ta ishe ni. Da na loda mata buhunan gero na bar kwalta, sai ta kafe cikin yashi. Ga mushen Datsun 120Y can a gidanmu, a kwashe kayanta a sa wa wannan, ta koma turi ta baya kamar Fijo."

To, me ya sa take kafewa? Golf da tayoyin gaba take ja. Idan an danƙara kaya a but, nauyi ya koma baya, sai gaba ya ɗaga, tayoyin da ke aiki su rasa abin da zai danne su. Sai su yi ta juyawa suna haƙa rami. Fijo 504 kuwa, wadda kamfanin PAN ya daɗe yana haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antarsa a 1975, tayoyin baya ke tura ta. Saboda haka lodi ƙara mata riƙon ƙasa yake yi. Ita ce ma ta ci tseren Safari na Kenya a 1975.

Kawu bai yi masa musu ba. Ya ɗauko alli, muka shiga ƙarƙashin motar, ya yi ta zana inda aiki zai bi.

Na farko, injin Golf a gicciye yake kwance, da giyarsa a gefe. Dole a fid da su, a sa injin Datsun a miƙe, giya na duban baya. Wurin kuwa ba zai isa ba sai an yanke bangon da ke tsakanin injin da ƙafafun direba.

Na biyu, sai an sa farfela, watau doguwar sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin injin baya. Kafin ta sami hanya, sai an tsaga daɓen motar an faɗaɗa kwarin da ke tsakiyarsa, salansa ma ta canja wuri.

Na uku, sai an ɗaura aksul ɗin baya na Datsun. A tsakiyarsa akwai wani akwatin haƙora mai raba ƙarfi ga tayoyi biyu. Idan mota ta sha kwana, tayar waje ta fi ta ciki nisan tafiya, akwatin nan shi ke bari kowace ta juya daidai bukatarta. Amma gurbin aksul ɗin ya ci karo da tankin mai, don haka tanki ma sai ya yi ƙaura. Bayan wannan ga sifirin, ga birki da za a sake daidaitawa, don in na baya ya riga na gaba kamawa, mota juyawa za ta yi a kan hanya.

Daga nan Kawu ya ƙwanƙwasa daɓen da sifana ya ce, "Ɗan makaranta, ina shasin motar nan?" Na duba ban gani ba. Ashe ƙananan motoci irin wannan ba su da shasi daban kamar babbar mota. Jikin shi ne ƙashin bayansu. Duk inda aka yanke an rage masa ƙarfi, kuma waldar gefen hanya ba ta mayar da abin da masana'anta ta auna.

Ba wai aikin ba ya yiwuwa ba ne. A 1980 kamfanin Renault na Faransa ya fito da Renault 5 Turbo, inda aka ɗauke injin ƙaramar motar daga gaba aka sa shi a gurbin kujerar baya, ta koma turi ta baya. Amma injiniyoyi ne suka sake fasalin jikin, kuma don tsere aka yi ta, mutum biyu kawai take ɗauka.

Kawu ya ce wa direban, "Malam, zan iya yi, in ɗauki wata biyu ina cin kuɗinka. Amma ranar da walda ta balle a hanyar Katsina da fasinja shida a ciki, me zan gaya wa iyalansu? Ba da hannuna ba."

Mutumin ya tafi da fushi, ni ma na ji haushi, don na san Kawu na bukatar kuɗin. Bayan kwana uku sai ga shi ya dawo. Kawu ya ba shi shawara ya rage lodi, ya matso da buhuna masu nauyi tsakiyar mota, in zai shiga yashi ya ɗan sassauta iskar taya, ya kuma tara kuɗi ya sayi a-kori-kura.

Ina roƙon iyayenmu masu motocin haya, kafin a sa wa mota wuta a yanke ta, a tambayi bakanike abin da yankan zai rage mata. Ni dai tun da na dawo makaranta ban ƙara yin gyangyaɗi a darasin kimiyya ba.