Yadda Ake Auna Kauri da Nauyin Tsabar Kuɗi

Kowace tsabar kuɗi tana da awon da aka ƙayyade mata tun daga gidan da ake buga ta. Faɗi da kauri da milimita ake lissafa su, nauyi kuma da giram. Milimita goma ke yin santimita ɗaya, giram dubu ke yin kilo ɗaya.

Kauri shi ya fi wuyar aunawa, domin yawancin silalla ba su wuce milimita ɗaya zuwa uku ba, ga shi kuwa tsakanin ƙananan layukan rula milimita ɗaya ne kawai. Dabarar ita ce a ɗora guda goma iri ɗaya a kan juna, a auna tsayinsu gaba ɗaya, sannan a raba gida goma. Idan aka yi haka da kwandalar Yuro ɗaya, za a samu milimita 23 da 'yar ɗoriya, abin da ya yi daidai da kaurin da aka ƙayyade mata, wato milimita 2.33. Wannan awo na gefe ne, saboda bakin tsaba ya ɗan fi tsakiyarta tudu don kada zanen ya yi saurin gogewa.

Nauyi kuwa, sikelin awon nama ba zai yi ba, sai irin ƙaramin na masu sayar da zinare. Yuro ɗaya giram 7.5 ne, Yuro biyu 8.5, ko da yake ta biyun ba ta kai ta ɗayan kauri ba, faɗi ta fi ta. Tsabar santi biyar ta Amurka giram 5 ce cif, shi ya sa wasu ke gwada lafiyar sikelinsu da ita.

Amfanin haɗa awon biyu shi ne tona irin ƙarfen da ke ciki. A 1982 Amurka ta rage tagulla a tsabar santi ɗaya ta koma amfani da tutiya. Girma bai canja ba, amma nauyi ya sauko daga giram 3.11 zuwa 2.5. Mai buga jabu a nan yake shiga uku: in ya daidaita nauyi da ƙarfe mara nauyi, sai kauri ya wuce misali.

Tun kafin zuwan giram, da nauyi ake sanin darajar kuɗi. Dinarin zinare na Musulunci miskali ɗaya ne, wanda malamai da dama na wannan zamani suka ƙiyasta da giram 4.25. Daga nan aka samo lissafin nisabin zakkar zinare: dinari 20, wato giram 85.