GWAJIN GANO CUTAR FARIN TABO A JATAN LANDE

Jama'a, wannan 'yar takarda za ta bayyana muku yadda masana ke gano cutar farin tabo a jatan landen da ake kiwo a tafkuna, tun kafin ta yi ɓarna.

Cutar ta fara bayyana a Taiwan cikin 1992. Daga nan ta bazu cikin Asiya, ta kai Amurka a 1995, ta shigo Afirka ta Mozambik a 2011. Ƙwayar bairas ce ke kawo ta, tana kuwa iya kashe dukan abin da ke cikin tafki tsakanin kwana 3 zuwa 10. Ba ta kama mutum, amma har yanzu ba ta da magani.

Duban ido bai isa ba. Jatan lande yakan ɗauki ƙwayar ba tare da wata alama ba, kuma ba kowane farin tabo a ɓawonsa ne wannan cuta ba. Saboda haka ake amfani da gwajin PCR, watau irin wanda aka yi ta yi wa mutane lokacin annobar korona a 2020. Kary Mullis, wani masani Ba'amurke, shi ya ƙago shi a 1983.

Ga yadda ake yi. Akan yanki ɗan guntun ƙafar jatan landen, ko a ɗauki 'ya'yansa ƙanana, a tatso sinadarin gado da ake kira DNA. Sa'an nan a haɗa shi da wani ɗan sinadari wanda bai dace da kome ba sai DNA na wannan ƙwayar, kamar makulli da kwadonsa. Na'ura takan zafafa haɗin zuwa wajen digiri 95, ta sanyaya shi, ta sake zafafawa. In akwai ƙwayar, kowane zagaye yakan ninka DNA ɗinta sau biyu, har bayan zagaye 30 guda ɗaya ya zama wajen miliyan dubu, yadda na'ura za ta gane shi cikin 'yan sa'o'i.

Don haka duk mai niyyar wannan kiwo, kada ya zuba iri a tafki sai ya ga takardar shaidar gwaji. A tace ruwan da ke shiga, a hana ƙaguwa kusantar tafki, gama ita ma tana ɗauke da ƙwayar. In aka ga jatan lande sun daina cin abinci suna taruwa a bakin ruwa, lalle a sanar da ma'aikacin kula da kamun kifi nan da nan.

Rigakafi ya fi magani, balle ga cutar da ba ta da shi.