Dalilan da Suka Karya Kasuwar Akwatunan Wasan Bidiyo na Farko

Yaron da ya shiga shagon wasan bidiyo a Birnin Kudu ko Gwaram ba ya tambayar sunan akwatin da aka jona wa talabijin, sai dai wasan da ke ciki. Abin nan da yaro ya sani shi ne ya shige wa kamfanoni da dama duhu a Amurka, inda aka fara wannan sana'a, har suka tafka hasara.

Akwatin farko da aka yi domin gida shi ne Odyssey na kamfanin Magnavox, a 1972. Dillalan kamfanin kaɗai aka bai wa sayar da shi, saboda haka mutane da yawa suka zaci ba ya aiki sai da talabijin ɗin Magnavox, suka ƙi saye. Wato rashin bayani shi ne dalili na farko.

Na biyu shi ne zuwan wanda ya fi. A 1976 Fairchild ya fito da Channel F, wanda ya fara amfani da kaset mai ɗauke da wasa. A 1977 RCA ya kawo Studio II mai hoto baƙi da fari, alhali an riga an ga mai launi. Cikin wannan shekara Atari ya fito da nasa, mai wasanni masu armashi, ya danne su duka biyu.

Na uku, wanda ya fi muni, shi ne zubewar amana. Kamfanoni barkatai suka cika kasuwa da kaset marasa kyau, mai saye ya kasa rarrabe tsaki da tsakuwa, ya janye hannunsa. A 1983 kasuwa ta karye, har Atari ya binne dubban kaset a Alamogordo. Da Nintendo ya shiga Amurka da akwatinsa a 1985, sai ya hana kowa yi wa akwatinsa wasa sai da izninsa, ciniki kuwa ya farfaɗo.

Ga mai nazarin harshe wannan ba baƙon abu ba ne. Harshe ba ya rayuwa don kyan nahawunsa, sai don yawan masu magana da shi da abin da suke faɗa. Haka akwati yake: in ba wasa nagari a cikinsa, ya zama gurbin dara ba 'ya'ya.