Kunne ne Alƙalin Lasifika

Duk wanda ya shiga rumfunan masu sayar da kayan sauti a kasuwar Sabon Gari ta Kano zai tarar da lasifikoki iri-iri, kowace da adadin wat rubuce a jikinta. Yawancin masu saye sukan ɗauka cewa wadda ta fi girma da tsada ita ce ta fi nagarta. Ilimin halittar kunne kuwa ya nuna ba haka abin yake ba.

Sauti dai girgizar iska ce. Lasifikar zamani, wadda Chester Rice da Edward Kellogg suka bayyana tsarinta a Amurka a 1925, tana da maganaɗisu da naɗin waya da faifai mai siffar mazurari. Idan lantarki ya bi ta wayar, sai faifan ya riƙa kai da komo yana tura iska. Girgizar takan doki dodon kunne, ta ratsa ƙananan ƙasusuwa 3, ta isa wani sashe mai kama da katantanwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 15,000, waɗanda ke mayar da girgiza saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Georg von Békésy ya sami lambar yabo ta Nobel a 1961 saboda ya gano cewa kowane yanki na katantanwar da irin sautin da yake karɓa: siririn sauti a bakinta, kakkaura a can ƙuryarta.

Kunnen matashi mai lafiya yana jin girgiza daga sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan ɗaya, amma ya fi kaifi tsakanin 2,000 da 5,000. Muryar ɗan'adam da mafi yawan kiɗan gargajiya suna tsakiyar wannan zango ne. Mai sauraron kalangun Mamman Shata ko kuntigin Ɗan Maraya Jos yana bukatar lasifikar da ke fito da karin harshe da baƙaƙe irin su "s" da "sh" da "ts" tangaram. Wadda ta cika gurnani sai ta danne kalmomin waƙa, ko da kuwa tana girgiza tagogi. Shi ya sa lasifika tagari takan raba aiki: babban faifai ga kakkauran sauti, ƙarami ga siriri.

Adadin wat ma yana ruɗin jama'a. Ana auna ƙarfin sauti da desibel, kuma ninka wat sau 2 ba ya ƙara komai sai desibel 3. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai an ƙara kimanin desibel 10, wato an ninka wat sau 10. Haka nan adadin da aka rubuta da haruffan PMPO yawanci na talla ne. Wanda ke ɗauke da RMS ya fi kusa da gaskiya.

Sai kuma batun ɗaki. A unguwannin Dala, irin su Adakawa da Madigawa da Yalwa, ɗakuna ƙanana ne, gidaje kuma a manne da juna. Bangon siminti mai santsi da daɓen tayil suna mayar da sauti ya dawo ya cakuɗe da na asali, yayin da darduma da labule da katifa ke shanye shi. Ajiye lasifika a kusurwa yana ƙara mata gurnani, kakkauran sauti kuwa shi ya fi ratsa bango zuwa gidan maƙwabci. Don haka matsakaitan lasifikoki 2, a daidai tsayin kunne, nesa kaɗan da bango, sun fi dacewa da irin wannan ɗaki.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne lafiyar kunnen kansa. Ƙwayoyin nan masu gashi idan sun mutu ba sa sake tofowa a jikin ɗan'adam, saɓanin tsuntsaye da kifaye. Daɗewa cikin ƙarar da ta haura desibel 85 yana lalata su sannu a hankali, kuma jin siririn sauti ne ke fara raguwa. Alamar haɗari ita ce mutum ya ji kunnensa na shuwa bayan sauraro, ko sai an ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji magana.

Saboda haka, ya kamata mai saye ya tafi kasuwa da waƙar da ya sani sosai, ya saurari lasifikokin ɗaya bayan ɗaya a ƙara iri ɗaya, domin wadda ta fi ƙara takan yaudari kunne. Wadda ta fito da kalmomi sarai ba tare da an ƙure ta ba, ita ce abar zaɓe.